"Ba ya cikin purogaram": yadda muke kashe darasin dabbobi a makarantun Adar

Shekara goma sha huɗu na yi ina koyar da SVT, wato kimiyyar rayuwa da ta ƙasa, a kolejojin ƙasar Adar, tsakanin Keita da Buza da Madawa. Cikin duk abin da na aikata a shekarun nan akwai guda ɗaya da har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Wata safiya ina tsakiyar rubuta rezime a allo, darasin rarrabe dabbobi ne, masu ƙashin baya da marasa shi, sai wani yaro ɗan ajin farko, daga wani ƙauye na wajen Tamaske, ya ɗaga hannu. Ya zaro wani dutse daga aljihu, bai fi ƙwan zabo ba, a bayansa da zane kamar fure mai kunne biyar, sai ka ce zama aka yi aka sassaƙa shi. Ya ce: "Mushe, mine ne wannan? Wurin kiwo na tsinto shi, suna da yawa bisa dutse." Ko juyowa sosai ban yi ba, na ce: "Kai, mayar da shi aljihu, wannan ba ya cikin purogaram." Aji ya kwashe da dariya. Yaro ya mayar da dutsensa, kuma har shekara ta ƙare bai sake yi mini tambaya ba.

Sai bayan shekaru, a Yamai, ina duba wani littafin ilimin duwatsu, na ci karo da hoton dutsen yaron nan, kamar an tsaga kara. Ashe halitta ce. Wata dabbar teku ce mai ƙaya a jiki kamar bushiya, ta mutu ta zama dutse tun zamanin da ƙasar Adar take ƙarƙashin ruwa, shekaru kusan miliyan 60 da suka wuce. Tekun nan ita ta bar mana dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza da Kalambaina ta Sakkwato. Wani hafsan sojan Faransa, Kyaftin Gaden, ya tsinci irin waɗannan duwatsu a Tamaske, kuma a 1903 masanin duwatsu Albert de Lapparent ya gabatar da su gaban majalisar masana kimiyya ta Faris a matsayin shaidar cewa teku ta taɓa kwanciya a nan. A 1904 wani masani na gidan tarihin Landan, Francis Bather, ya siffanta wasu da likitan ayarin shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa ya kwaso, ya raɗa musu suna. Ɗaya daga cikinsu ita ce yau ake kira Linthia sudanensis. Abin da Faris da Landan suka yi wa zama fiye da shekara 120 da suka wuce, shi ne ni, malamin kimiyya, na ce a mayar aljihu, kuma a darasin rarrabe dabbobi.

Na ba da labarin nan ne saboda abin da na yi ranar nan shi ake yi har gobe a azuzuwanmu. Muna koyar da rarrabe dabbobi kamar haddar sunayen mutanen da suka mutu a wata ƙasa. Yaro ya kwafe jadawali, ya haddace rukunonin masu ƙashin baya, ya zana kwaɗon littafi, ya ci jarrabawa, ya fita bai iya raba kububuwa da macijin da ke shan ƙwan kaji ba. Ni kuwa ra'ayina, kuma a kansa nake neman gardama da malamai 'yan'uwana da iyayen yara, shi ne darasin nan na gona ne da rumbu da gidan likita. Dole a fara shi daga dabbar da ke ƙofar aji, kuma kowace dabba a ba yaro sunanta biyu, na Hausa da na kimiyya. Duk wanda ya ba shi ɗaya ya hana shi ɗaya, ya cuce shi.

Bari in fara da abin da ya kamata mu gaya wa yara tun ranar farko. Ilimin rarrabe halittu, wanda masana ke kira taksonomi, raɗin suna ne, kuma ƙa'idojinsa duk Bahaushe zai gane su. Tun 1758, shekarar da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya fitar da bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, kowace dabba ana ba ta suna mai kalma biyu, ta farko ta danginta, ta biyu tata ta kanta. Ba a raɗa sunan da ka. Sai an kawo ita dabbar an auna ta, an ƙidaya ɓawon fatarta ko haƙoranta ko jijiyoyin fiffikenta, an faɗi abin da ya raba ta da 'yan'uwanta, an buga bayanin inda kowa zai iya karantawa. Sannan a ajiye ainihin wadda aka yi wa sunan a gidan tarihi ta zama shaida, mai gardama ya je ya duba da idonsa. In aka tarar mutum biyu sun raɗa wa dabba ɗaya suna, na wanda ya riga ake ɗauka. Wato sai ga jariri, ga shaidu, ga sanarwa, kafin suna ya tabbata. Ban taɓa gaya wa ɗalibaina haka ba, domin ni ma ba a gaya mini ba. Jadawali aka ba ni, jadawali na miƙa.

Yanzu ku ɗauki kububuwa, wadda ba manomin Magiya ko na Tarka da bai san ta ba. Shekaru da yawa masana na ɗaukar kububuwar Afirka ta Yamma da ta Indiya abu ɗaya ne, duka Echis carinatus. A 1970 Othmar Stemmler ya ware mai ɗigo-ɗigo kamar idanu a gefen jiki, ya kira ta ocellatus. A 1972 Benigno Roman ya ware wata daga samfurin da aka samo a Bubon, kusa da Yamai, ya kira ta leucogaster, ma'ana mai farin ciki, amma fa ba irin farin cikin da kuka sani ba: cikinta ne fari fat, babu ɗigo. Ita ce ta saba da busasshiyar ƙasa irin tamu. A 2018 kuma Jean-François Trape ya sake tsaga ocellatus, ya fitar da Echis romani.

Wani zai ce, to ina ruwan Ba'adare da wannan hayaniya ta Turawa? Ruwansa allurar dafi. Ana yin ta ne ta hanyar sa wa doki ko tunkiya dafin wani maciji kaɗan-kaɗan, har jininsu ya ƙera makarinsa, sannan a tace. Makarin yana aiki ne a kan dafin da aka yi shi da shi, da wanda ya yi kusa da shi ƙwarai. A wani asibitin karkara na ƙasar Gana, kamar yadda likitocinsa suka buga a 2008, da aka sauya allurar da suka saba da wata da aka yi a Indiya da dafin Echis carinatus, mace-macen waɗanda maciji ya sara sun tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari zuwa kashi 12.1. Kwalba ta ce Echis, maciji ma Echis ne, amma kalma ta biyu ta bambanta, mutane suka mutu. Shi ya sa allurar EchiTAb da ake amfani da ita a asibitin saran maciji na Kaltungo, a jihar Gombe, da dafin kububuwar Najeriya aka yi ta. Yaron da ke zaune gabanka yau, malam, gobe shi ne ma'aikacin lafiyar da zai karanta jikin kwalba a wani ƙauyen Buza da tsakar dare. In bai san cewa kalma ta biyu tana da nauyi ba, wa zai gaya masa?

Akwai kuma ɗaya gefen. A ƙasarmu akwai maciji mai shan ƙwai, wanda Trape da Youssouph Mané suka raɗa wa Dasypeltis sahelensis a 2006. Ba shi da dafi, haƙoran kirki ma ba shi da su, amma zanen bayansa na kama da na kububuwa, har ya iya goga jikinsa ya yi irin ƙarar da take yi. Hausawa sun gama magana da suka ce kama da wane ba wane ba ne. Waɗannan masana biyu sun duba macizai 1,714 da aka tara a Nijar, suka buga sakamakon a 2015, inda suka lissafa nau'i 51 a ƙasar. Mafi yawansu ba sa kisa. Kada wani ya fahimce ni a baibai: ban ce a tura yara kamun maciji ba, kuma duk wanda maciji ya sara a kai shi likita nan take, kada a tsaya gardamar suna. Abin da nake cewa, ɗan kolej ya kamata ya san cewa dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, shi ya sa dasashi ke zubar da jini, na gamsheƙa kuma wani aikin yake yi daban. Hoton mataccen maciji a wayar salula ya ishe mu yin wannan darasi.

Mu bar maciji mu shiga gonar hatsi. Manomi zai ce maka tsutsa ta ci gero. Wace tsutsa? Akwai murzuna, Heliocheilus albipunctella, wadda uwarta ke yin ƙwai a kan zangarniya lokacin da take fitowa, tsutsar ta bi ta tana yanke fure, ta bar hanya a murɗe kamar an naɗa igiya. In ta ƙoshi sai ta sauka ƙasa ta shige, a can take yin rani. Akwai kuma mai huda kara, Coniesta ignefusalis, wadda ke yin rani a cikin busasshen karan da muke tarawa muna yin darni da rumfa da shi. Mai kwana cikin ƙasa da mai kwana cikin kara maganinsu ba zai zama ɗaya ba. Murzuna tana da abokin gaba, wani ƙwaro ɗan mitsitsi dangin zanzaro, Habrobracon hebetor, da ke harbin ta ya sandarar da ita ya yi ƙwai a jikinta. Masu bincike na INRAN da na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi sun daɗe suna kiwon sa, ana kai shi ƙauyuka cikin 'yan buhunan algarara a rataye kusa da gonaki. Manomin da bai san shi ba, ya sayo maganin feshi a kasuwa, abokinsa zai fara kashewa, murzuna kuwa tana ɓoye cikin zangarniya.

A 2016 masu bincike na cibiyar IITA suka tabbatar da shigowar wata baƙuwar tsutsa daga nahiyar Amurka, Spodoptera frugiperda, mai cin masara da dawa. Da ido ake gane ta: wani zane a goshi kamar harafin Y a kife, da ɗigo huɗu a jere kamar kusurwoyin ɗaki wajen wutsiya. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu za ta iya ganin wannan in an nuna mata sau ɗaya. Haka ɗan ƙwaron da ke sa ganyen albasar Madawa da Galmi ya yi fari-fari, Thrips tabaci. Yaran masu albasa ne cike da azuzuwanmu, kuɗin kayensu da na alƙalaminsu daga albasar nan yake fitowa, amma ban taɓa shigo da ganyen albasa aji ba ko sau ɗaya.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, domin an sha gaya mini: "Malam, iyayenmu da kakanninmu sun san dabbobin nan tun kafin Nasara ya zo, me boko zai ƙara musu?" Rabin maganar gaskiya ce, kuma babba. Inda Bafaranshe ya ce varan ya wuce, Bahaushe ya raba damo da guza, kimiyya ma ta raba su, Varanus exanthematicus da Varanus niloticus. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da sunayen tsuntsaye da ƙwari da macizai waɗanda ɗan birni na yau bai taɓa ji ba. Wata mai bincike Bafaranshiya, Anne Luxereau, ta yi nazarin yadda Hausawan Nijar ke rarrabe dabbobi, har a 1980 ta buga maƙala a kan sunayen fara na yankin Maraɗi kaɗai. Matan da ke kamun fara da asuba suna soyawa sun san wadda ke da mai, da mai ɗaci, da wadda ba a ci. Wannan ilimi ne, kuma yana mutuwa da tsofaffinmu muna kallo.

Amma ido yana da iyaka, ko na tsoho ko na masani. Sauro dai sauro ne a bakinmu. A aikin binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a Garki, cikin jihar Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, an ga cewa sauron da ido ke gani iri ɗaya ba halinsu ɗaya ba. Wani yakan kwana a bangon ɗaki, feshi ya same shi. Wani yakan yi cizo ya fita waje, ya tsira. Sai da madubin likita aka raba su, kuma a 2013 aka raɗa wa ɗaya daga cikinsu Anopheles coluzzii, don tunawa da Mario Coluzzi, ɗan Italiya da ya yi aiki a kansu. Fara kuma akasin haka ta yi wa masana. Sun daɗe suna ɗaukar mai zama ita kaɗai da mai tafiya a runduna nau'i biyu ne, saboda launi da hali sun bambanta, sai a 1921 Boris Uvarov ya nuna cewa halitta ɗaya ce, cunkoso ke sauya ta. Wannan ganowa ita ta sa ake zuwa neman farar dango, Schistocerca gregaria, tun tana hamada kafin ta haɗa runduna. Mu da muka ga farar 2004 da yunwar 2005 a jihar Tawa ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Ga kuma matsalar da kowa ya sani: sunan da Ba'adare ke kiran ƙwaro da shi, Bakano ko Badamagare kan kira wani ƙwaron daban da shi. Sunan kimiyya shi ne ke sa malamin gona na Madawa da mai bincike na Ibadan da mai haɗa allura a wata nahiya su tabbata abu ɗaya suke nufi.

Sai kuma 'yan'uwana malamai, masu ganin sunan Hausa a darasin kimiyya koma-baya ne. Wani abokin aiki ya taɓa ce mini: "Mutanen da ke ce wa girafe raƙumin dawa, ta yaya za ka yi kimiyya da harshensu? Ai ba raƙumi ba ne." Na yi shiru a lokacin. Yau ga amsata. Sunansa na kimiyya Giraffa camelopardalis, kuma kalma ta biyu ma'anarta raƙumi-damisa. Turawan dā wuyan raƙumi suka gani kamar yadda muka gani, suka ƙara da zanen damisa. Shamuwa, wadda kowane yaro ya san zuwanta alamar damina ce, sunanta Ciconia abdimii, an raɗa mata shi a 1823 don girmama wani gwamnan Turkawa a ƙasar Sudan. Wace hikima ce a cikin wannan da ta fi kalmar shamuwa? Ƙarfin sunan kimiyya yana cikin bayanin da ke bayansa da samfurin da aka ajiye, Latin ɗin riga ce kawai. Kuma rigar tana ɗaukar kowane harshe. Wani ƙaton dabban teku mai kama da guza da aka haƙo a ƙasar Sakkwato sunansa Goronyosaurus tun 1972, daga Goronyo. Wani ɗan'uwansa sunansa Igdamanosaurus tun 1991, daga dutsen Igdaman da ke nan jihar Tawa. Jobaria, ƙaton dinaso da aka siffanta a 1999 daga yankin Agadas, daga Jobar aka samo sunansa, wata halitta ta tatsuniyoyin Abzinawa. Garuruwanmu suna cikin littattafan duniya, yaranmu ne ba su da labari.

Raƙumin dawan ma darasi ne. Irin namu, peralta, Oldfield Thomas ne ya siffanta shi a 1898 daga samfurin da aka samo wajen Lokoja. A 1996 saura 49 kacal a yankin Kure. An daɗe ana zaton akwai irinsa a gidajen namun daji na Turai, sai binciken ƙwayoyin gado na 2007 ya nuna cewa na can wani iri ne daban, na Kordofan. Wato na Nijar su kaɗai suka rage a duniya, in sun ƙare sun ƙare. Yanzu sun haura 600, har a 2018 aka kai takwas gandun Gadabeji. Aikin rarrabewa ne ya nuna mana girman abin da ke hannunmu.

Ƙorafi na uku shi ne na kayan aiki, kuma ba zan raina shi ba. Na koyar a ajin zana, yara cike maƙil, iska na kwashe takardu, ba ɗakin gwaji, ba madubin likita. Amma darasin nan shi ne mafi arha a duk purogaram. Kwalbar da aka shanye, allurar ɗinki, kwali, zare da ma'auni, sun isa. Ka ce kowane yaro ya kawo fara uku daban-daban, ka raba su rukuni-rukuni, su shimfiɗa su a kan tabarma su ware da kansu, su faɗi dalilin da ya sa suka ware. Wannan ƙahonta gajere ne, waccan dogo. Wannan ƙarƙashin fiffikenta rawaya ne da baƙin layi. Daga nan su rubuta tambayoyi masu amsa i ko a'a, waɗanda za su kai baƙo ga sunan kowace. Abin da masana ke yi ke nan, ba ƙari. Da na gwada haka a shekaruna na ƙarshe, yaran da ba sa buɗe baki saboda Faransanci ya yi musu nauyi su suka fi kowa magana, musamman 'ya'yan makiyaya. A ranar na gane cewa shekara da shekaru ina auna Faransancin yara ne ina kiran sa kimiyya.

Ƙorafi na huɗu, jarrabawa: "BEPC ba ta tambayar murzuna." To, amma tana tambayar siffofin ƙwari, da yadda tsutsa ke zama malam-buɗe-littafi, da wa ke cin wa. Yaron da ya riƙe fara a hannu ya ƙidaya ƙafa shida da kansa ba zai manta ba a ɗakin jarrabawa, gani ya kori ji. Purogaram ya ce a koyar da rarrabewa, bai ce a hana yaro taɓa dabba ba. Mu muka ƙara wannan, saboda rezime ya fi sauƙi, kuma saboda tsoron kada yaro ya tambaye mu abin da zai sa mu ce sai mun bincika. Tsoron nan ne ya yi magana da bakina ranar dutsen Tamaske.

Abin da ya sa na ga maganar ba ta jira shi ne, kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ko ba jima ko ba daɗe za a zauna rubuta littattafan kimiyya da Hausa. In aka bar aikin ga masu fassara a ofis, za su ɗauko jadawalin nan da ya gundure mu su juya shi kalma da kalma, yaro ya koma haddace "masu ƙashin baya" maimakon vertébrés, murzuna na ci gaba da cin gero. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ya kamata kowace makaranta a Keita da Buza da Madawa ta buɗe kaye guda, kundin dabbobin gari: sunan Hausa yadda ake faɗinsa a nan, na Tamashek da Fulatanci in akwai, inda aka ga dabbar, watan da aka gan ta, abin da take ci, zane ko hoto, da sunan kimiyya in an tabbatar. Inda ba a tabbatar ba a bar gurbi, kada a cika da ƙarya. Jami'ar Djibo Hamani tana nan Tawa, malaman gona suna cikin gundumominmu, a kai musu su duba. Su ma suna bukatar mu, da ɗan gari akan ci gari, kuma ba mai binciken da zai iya zama a ƙauyuka ɗari damina guda. Yaranmu suna zaune a cikinsu.

Ku kuma iyaye, rabonku a aikin nan ba ya bukatar ko dala. In yaro ya zo da tambayar sunan tsuntsu ko ƙwaro, kada a ce masa ya bar shirme ya je ya yi karatu, karatun ke nan. Wanda ya sani ya faɗa masa, wanda sunan ya ɓace masa ya tura shi wurin kakarsa ko wurin maharbin unguwa ko sarkin noma. In malam ya gayyaci tsoho aji ya yi bayanin macizai ko fara, kada a ce malam ya rasa abin koyarwa. Ku tambayi 'ya'yanku da yamma: cikin dabbobin da aka koya muku yau, wacce ce ke gonarmu? In amsar kullum babu ce, ku je makaranta ku tambayi dalili, haƙƙinku ne.

Yaron nan na Tamaske bai gama kolej ba, na ji labarin ya tafi ci-rani kamar sauran sa'o'insa. Ban ce maganata ce ta fitar da shi ba, talauci ya fi ni ƙarfi a nan. Amma ya zo mini da tambayar da masana suka tsallako teku domin ta, na kore shi da ita. Yanzu akwai irin dutsen nan guda uku a kan teburina, na tsinto su da kaina, kuma duk malamin da ya ziyarce ni sai na ɗora masa ɗaya a tafin hannu na tambaye shi abin da zai ce in yaro ya kawo masa. Malamai, makarantu na komawa, fara na nan, duwatsu na nan bisa tudu. Ku ce yara su zo da abin da ke aljihunsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da mugun ƙwaro.